In Faifan Ajiya Ya Ƙi Buɗewa, Kada A Yi Gaggawa

 A wannan fitowa za mu yi magana a kan wani kaya wanda ba a auna shi da mudu, ba a kuma ɗaure shi a dila, amma in ya salwanta yakan tafi da uwar kuɗi. Muna nufin lissafin da ake tarawa a kwamfuta, sa'an nan a kwafe shi cikin ɗan akwatin nan mai igiya wanda ke shiga aljihu, watau faifan ajiya na waje, wanda yaran gyara ke ce wa had-dis.

Da can littafin bashi yana cikin akwatin maigida, in ruwa ya taɓa shi a shanya, in gara ta ci gefe a karanta saura. Yanzu kuwa sunayen masu bashi, da rasit, da takardun kwastan, da hotunan kayan da aka aika, da lissafin la'ada na shekara da shekaru, duk suna cikin abin da bai fi tafin hannu ba. Ran da aka jona shi kwamfuta ta ce ba ta san shi ba, sai an yi masa fomat, to ran nan mai bashin da ya ci buhu arba'in yana iya cewa ashirin ya sani, ba kuwa takardar da za a nuna masa. Saboda haka muka ga ya kamata mu bayyana yadda ake ceto abin da ke ciki, da kuma abin da ke sa a rasa shi har abada.

ABIN DA KE CIKIN AKWATIN

In an san yadda abu yake, an san inda ciwonsa zai fito. A cikin akwatin akwai faifai masu sheƙi kamar madubi, an shafe su da sinadarin maganaɗisu, suna juyawa sau 5,400 a minti ɗaya, waɗansu har 7,200. Akwai kuma ɗan hannu mai allura a baki, ita ke rubutu ita ke karatu. Allurar nan ba ta taɓa faifan, iskar juyawarsa ce ke ɗauke da ita, tazarar da ke tsakaninsu kuwa gashin kai ya fi ta kauri sau dubbai. Shi ya sa in akwatin ya faɗo daga kan tebur yana cikin aiki, allura kan daki faifan ta karce shi.

Kamfanin IBM na Amurka ne ya fara fito da irin wannan faifai a 1956. Na farkon yana da faifai 50, girmansa ya kai na babban firji, abin da yake ɗauka kuwa wajen megabait 5 ne, watau hoton waya ɗaya ko biyu na yau. Yanzu kamfanoni uku ne suka rage masu ƙera shi a duniya, Seagate da Western Digital da Toshiba, ko da wane suna aka manna a bayan akwatin. Waɗanda suka daɗe a harkar kwamfuta za su tuna 2011, shekarar da ambaliya ta ci masana'antu a ƙasar Tailan, farashin faifai ya kusa ninkawa a kasuwannin duniya.

Sai a ɗauki faifan kamar babban sito. Kaya suna jibge a ciki, a bakin ƙofa kuma akwai littafin mai sito, wanda ya nuna kayan wane suna lungu kaza, dila nawa ne. Kwamfuta ba ta shiga ta yi lalube, littafin take dubawa. Tsarin littafin nan shi ne abin da za ku ga an rubuta NTFS ko exFAT ko FAT32. Sau da yawa in an ce faifai ya lalace, littafin ne ya yage, kaya suna nan ba abin da ya same su. Haka in an goge fayil, sunansa kawai aka soke daga littafi, aka ce wurinsa ya zama fili. Yana nan har ran da aka sauke wani kaya a kansa.

CIWO IRI UKU NE

Na farko ciwon hanya, watau igiyar USB ta tsinke daga ciki, ko bakin da ake cusa ta ya saki, ko wutar da kwamfuta ke bayarwa ta gaza. Wannan shi ne mai sauƙi. A sake igiya, a gwada wata kafa, a gwada wata kwamfuta. In babban faifai ne mai cajarsa daban, a kula ƙwarai, gama wuta bolt 12 yake sha, cajar laftof kuwa yawanci 19 ce, bakinsu kuma yakan yi kama. Wanda ya cusa ta laftof ya ƙona allon faifan nan take.

Na biyu ciwon littafi. Faifan yana juyawa lafiya, ba wata ƙara, kwamfuta ta gan shi da cikakken girmansa, amma sai ta rubuta RAW a gabansa, ko ta ce a yi fomat, ko a buɗe a ga wayam. Abin da kan jawo haka shi ne fizge igiya alhali ana cikin rubutu, ko ɗaukewar wuta a tsakiyar aiki, ko sauya layi daga wutar gari zuwa janareto, ko kuwa waɗansu gurabe a kan faifan sun fara mutuwa, suka faɗa daidai kan littafin.

Na uku ciwon jiki. A kara kunne a saurara. In ana jin ƙas, ƙas, ƙas yana maimaitawa, ko ɗan kuka siriri alhali faifan bai juya ba, ko ƙarar gurza, to allura ce ta lalace ko ta manne. A nan magana ɗaya ce, a cire igiya maza. Kowane minti da aka bar shi yana juyawa, ƙara karce faifan yake yi, wurin da ya karce kuwa ya zama gari, ba gwanin da zai dawo da shi.

ABUBUWAN DA BA A YI

Yawancin lissafin da aka rasa, hannun masu neman gyara ne ya ƙarasa shi. Garin gyaran gira aka rasa ido. To ga abin da muke gargaɗi a kai.

Kada a amsa wa kwamfuta in ta ce a yi fomat. Fomat na gaggawa sabon littafi yake shimfiɗawa a kan tsohon, aiki ya ƙara wuya. Cikakken fomat kuwa, tun daga Windows Vista, sifiri yake rubutawa a kan faifan daga farko har ƙarshe, bayansa ba sauran zance.

Kada a zuba kome a cikin faifan, ko da waƙa ɗaya ce, ko da manhajar ceton ce da kanta. Duk abin da ya shiga, kan wani abu yake zama.

Kada yaron shago ya yi saurin buga CHKDSK domin ya gani a YouTube. Aikin wannan umarni shi ne ya daidaita littafi, bai damu da kayanka ba. In ya ga abin da bai gane ba yakan yanke shi, ya tara guntaye a wata folda mai suna FOUND.000, ba suna ba alama. In kuwa faifan yana da ciwon jiki, wahalar karatun nan tana iya ƙarasa shi.

Kada a kwance murfin ƙarfen a rumfa. Ƙwayar ƙurar hunturu guda ɗaya a wurin allurar nan dutse ce a kan hanya. Kada a sa shi a firji, kada a buga shi da tafin hannu kamar tsohuwar rediyo. Kada kuma a yarda da mai cewa zai sauya allon bayan da na wani faifai irinsa shi ke nan, gama kowane faifai na zamanin nan yana da bayanin kansa a wani ɗan guntu da ke kan allon, sai an ɗauke shi an mayar kan sabon.

YADDA AKE CETO

In an tabbata ba ƙara, ba faɗuwa ya yi ba, to mai hannu a kwamfuta yana iya gwadawa, amma bi da bi.

Da farko a tambayi faifan lafiyarsa. Kowane faifai yana riƙe da lissafin ciwonsa, ana kiran wannan SMART, akwai kuma manhaja ta kyauta mai suna CrystalDiskInfo da ke karanta shi. In ta nuna shuɗi, da sauƙi. In ta nuna rawaya ko ja, gurabe sun fara mutuwa, sai a yi hattara, kada a bar shi jone ba dalili.

Na biyu, wanda shi ne uban aikin duka, a sayo wani faifai mai lafiya wanda girmansa ya kai na marar lafiyan ko ya fi, a kwashe hoton faifan ɗungum a zuba a ciki, gurbi da gurbi, da mai kaya da fili. Ana yin wannan da GNU ddrescue, wanda Antonio Diaz Diaz ya rubuta, kyauta ne, a kan Linux yake aiki. Dabararsa irin ta mai kwashe kaya daga shagon da wuta ta kama ce. Yakan fara da wuraren da ke karantuwa da sauƙi, ya tsallake masu wuya, ya rubuta inda ya tsaya, sai daga baya ya komo ya lallaɓi sauran. In wuta ta ɗauke, daga inda ya tsaya zai ci gaba. A lura da kyau wane faifai ake kwasowa, wane ake zubawa, domin wanda ya juya su ya shafe kayansa da hannunsa. Aikin yana iya cin yini, yana iya cin kwanaki. Da an gama a naɗe marar lafiyan a ajiye, duk wani gwaji a kan kwafin za a yi.

Na uku a nemi gyara littafin. Wani Bafaranshe mai suna Christophe Grenier ya yi manhaja biyu na kyauta, TestDisk da PhotoRec. TestDisk takan nemo rabon faifai da ya ɓace, tana kuma iya dawo da shafin farko na littafin, gama tsarin NTFS yakan ɓoye kwafin wannan shafi a can ƙarshen rabon. In an yi sa'a sai a ga foldoji sun dawo da sunayensu kamar ba abin da ya faru. Akwai kuma DMDE da R-Studio, waɗanda ake saye, sukan nuna abin da suka gano kafin a biya. Recuva kuwa ta fi dacewa da fayil ɗin da aka goge bisa kuskure a faifai mai lafiya.

In littafin ya ƙone ƙurmus, sai PhotoRec. Ita ba ruwanta da littafi, sito take shiga tana shinshina kaya, domin kowane irin fayil yana da alamar da yake farawa da ita, ta kuwa san fiye da iri 400. Sai dai kayan za su fito ba suna ba folda, lambobi kawai, rasit na bara da hoton biki duk a haɗe. Sai akawu ya zauna ya buɗe ɗaya bayan ɗaya ya tsince. Wahala ce, amma ta fi asara.

Duk abin da aka ceto, a wani faifai daban ake sauke shi. Sa'an nan a buɗe manyan takardun a gani da ido. Fayil yana iya dawowa da sunansa da nauyinsa, a buɗe a tarar da shirme.

Akwai wani ciwo da ya yi yawa a inda ake yawo da faifai daga wannan shagon buga takardu zuwa wancan. A buɗe a ga foldoji sun koma 'yan alamomi masu kibiya, ko sun ɓace, alhali kwamfuta tana nuna faifan cike yake. Wannan ƙwayar cutar kwamfuta ce ta ɓoye su, ba ta cinye ba. Kada a danna alamomin nan. A fara wanke cutar da manhajar rigakafi, sa'an nan a ce wa Windows ta nuna ɓoyayyun fayiloli, ko a yi amfani da umarnin attrib, kaya za su bayyana.

IN ZA A KAI WA GWANI

Ciwon jiki aikin masu ɗaki na musamman ne, inda ake tace iska ba ƙura. Sukan nemo faifai irinsa sak, su cire allurarsa su dasa, su karanta da na'ura irin su PC-3000. Abin da suke iya yi yana da ban mamaki. A ran 1 ga Fabrairu 2003 kumbon Amurka mai suna Columbia ya tarwatse a sararin Texas yana komowa, mutum bakwai da ke ciki suka rasu. Daga baya aka tsinci wani faifan Seagate a cikin tarkacen, ya ƙone ya narke ta waje. Kamfanin Kroll Ontrack ya ceto kashi 99 cikin 100 na abin da ke ciki, har masana suka buga sakamakon bincikensu a 2008. Abin da ya taimaka shi ne wurin da rubutun yake a kan faifan bai karce ba, ba kuma wanda ya yi ta jona shi yana gwadawa.

To amma ba kowane mai sukundireba ne gwani ba. A Farm Centre ta Kano da Computer Village ta Ikeja akwai masu gyara birjik, sai dai gyaran kwamfuta daban, ceton bayanai daban. Mai gyara burinsa na'ura ta tashi, ko da an share ta. Kai kuwa Alhaji, abin da ke ciki kake nema, akwatin ko a jefar. Saboda haka a yi ciniki irin na 'yan kasuwa. A tambaye shi, zai ɗauki hoton faifan kafin ya taɓa kome? In ya ce ba bukata, a ce albarka a yi gaba. A tambaye shi ko zai buɗe murfi, a ina kuma. A yanke kuɗin dubawa da kuɗin aiki tun farko, a kuma yi magana a kan abin da za a biya in ba a samu kome ba. Kafin a cika kuɗi ya nuna jerin abin da ya ceto, maigida ya zaɓi takardu biyar ko goma da ya sani a buɗe a gabansa. A faɗa masa gaskiyar abin da ya faru, in faɗuwa ya yi a ce ya faɗi, in an riga an yi fomat a faɗa. A karɓo tsohon faifan, a kuma sa ya goge kwafin da ke wurinsa, domin asirin cinikinka da lambobin abokan hulɗarka suna ciki, amana ce.

A kuma auna. In abin da ke ciki finafinai ne da ake iya samu a wani wuri, kada a kashe kuɗin sa a kan akuya. In kuwa littafin bashin shekara biyar ne, to kada a tsaya neman araha.

ABIN DA BA YA DAWOWA

Kada wani ya ci kuɗinku da alkawarin banza. Abin da aka rubuta wani abu a kansa ya tafi. Faifan da aka kulle da BitLocker, in an manta kalmar sirri, ba a kuma ajiye mabuɗinsa mai lamba 48 ba, ba mai buɗe shi. Waɗansu akwatunan Western Digital, irin My Book, allon akwatin ne ke juya rubutun ya zama sirri, saboda haka kada a yar da akwatin a ce faifan kawai za a riƙe. Sabon irin nan kuma da ake kira SSD, marar faifai marar allura, ya fi jure faɗuwa, amma in an goge abu a cikinsa sau da yawa yakan share wurin da kansa ba da daɗewa ba.

Sai kuma jabu. Akwai akwatunan da ake sayarwa da arha an rubuta terabait 2 ko fiye, a ciki kuwa ɗan ƙaramin memori ne da guntun ƙarfe don ya yi nauyi a hannu. Yakan karɓi kaya ya nuna sunayensu, alhali abin da ya wuce ɗan cikinsa bai zauna ko'ina ba. Wannan ba ceto, gama tun farko ba a ajiye ba. Wanda ya sayi sabo ya gwada shi da H2testw kafin ya ba shi amana, ita takan cika shi ta karanta ta faɗi girmansa na gaskiya. Wanda ya sayi na hannu ya duba SMART ya ga awa nawa ya yi yana aiki. Amma in an sayi terabait 1 aka ga Windows ta nuna gigabait 931, ba a tauye mudu ba. Kamfani da dubu yake ƙirga, Windows kuwa da 1,024.

RIGAKAFI

Masu wannan sana'a suna da ƙa'ida da suke kira 3-2-1, watau kwafi 3 na duk abin da ke da muhimmanci, a kan ma'aji iri 2, 1 daga ciki kuma a wani wuri daban. Wanda ya kwashe lissafi daga kwamfuta ya zuba a faifan waje, sa'an nan ya goge na kwamfutar, har yanzu kwafi ɗaya gare shi, wuri kawai ya sauya masa. Zancen wuri daban kuwa 'yan kasuwar Kano ba sa bukatar dogon bayani. Gobarar kasuwar Sabon Gari ta watan Maris 2016 ta ci dubban shaguna, ambaliyar 2022 kuma ta shiga Kantin Kwari. Kwamfuta da faifan da ke aljihun tebur ɗaya tare suke tafiya.

Saboda haka ɗaya a shago, ɗaya a gida, ɗaya a intanet. Google yana ba kowane mai asusu gigabait 15 kyauta, lissafin shago kuwa bai cika kai haka ba in ba a haɗa da bidiyo ba. A sa rana ɗaya a mako, ko Alhamis da yamma ko ran da kasuwa ta yi sanyi, akawu ya sabunta kwafi, maigida ya tsaya a buɗe ya gani. A riƙa sallamar faifai daga kwamfuta kafin a zare igiya, kada a motsa shi yana aiki, kada a bar shi a mota cikin rana. Faifan da ya taɓa nuna ciwo kuwa, ko ya warke, ya fita daga aikin lissafi.

Daga ƙarshe, kowane ƙarshen wata a buga jerin masu bashi a takarda, manyansu su sa hannu a gaban shaida, a jefa a akwati. Kuɗin bugawar bai kai la'adar buhu ɗaya ba.

Allah ya ba da kasuwa, ya tsare dukiya.